Iskar Kan Dutse

Faɗan farko da suka yi a garin nan na kan dutse, a gaban teburin karɓar baƙi na otal suka yi shi, ko jaka ba su kai ga ajiyewa ba. Malama ta ce ɗakin ƙasa take so. Mijinta Auta ya ce shi bai sha zaman mota na awa bakwai ba don ya buɗe taga ya ga bayan kicin.

Dattijon da ke riƙe da makullai ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya mayar, yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ɗakunan ƙasa ba su da laifi, sai dai tagoginsu katanga suke kallo. Na hawa na biyu su ne ke fuskantar kwari da duwatsu. Lif kuwa, na'urar hawa bene, akwai shi, ga ƙofarsa can, amma rabonsa da motsi tun shi dattijon yana da baƙin gashi.

"Matakala nawa ce, Baba?"

"Talatin da huɗu, 'yata."

Ta juya ta kalli mijinta. "To ka ji."

"Na ji," in ji Auta, ya tsaya ya ja numfashi. "Ai ba a ce... yau za mu gama hawa ba."

Baba ya yi dariya, ya miƙa masa makulli mai ɗaure da wani guntun tagulla da ya kusa kai nauyin guduma. Malama ta harare su duka biyun. Haka Auta yake. Ba ya iya haɗa jimla biyu sai ya huta a tsakani, amma da rabin jimlar yake cinye gardama.

Minti ashirin da biyar suka yi a kan matakalar nan. Ta katako ce, kowane taki da irin kukansa, jar dardumar da aka shimfiɗa a kai ta koɗe ta koma ruwan ƙasa. Baba na biye da su da kujerar roba, duk bayan taki shida ya ajiye, Auta ya zauna ya dafe gwiwoyi, kafaɗunsa na hawa suna sauka. Malama na tsaye a kansa tana yi masa fifita da gefen mayafi, tana gaya wa kanta gajiyar hanya ce.

Auta mai fentin mota ne. Shekara goma sha bakwai yana fesa fenti a gareji, ba abin da ke tsakanin hancinsa da hayaƙin sai wani tsohon ƙyalle, shi ma in ya tuna ya ɗaura. Motar da ta fito daga hannunsa sai ka gyara hularka a jikinta. Huhunsa ne ya ji jiki. Likita ya nuna musu hoton ƙirji ya ce huhun ya ƙandare, ba ya buɗewa kamar da, kuma ba zai koma ba, iyakar abin da za a iya shi ne a rage wa ciwon gudu. Shekarunsa talatin da shida a lokacin. Malama, wadda ke koyar da 'yan aji huɗu a firamare, ta rubuta duk abin da likitan ya faɗa, ta ja layi a ƙarƙashin "rage gudu", sauran kuwa ba ta ƙara karantawa ba.

Ranar da Inna, mahaifiyarsa, ta ji labari, ta sa aka kwaso su daga gidan da suke aka dawo da su babban gida, ɗakin da ke manne da nata. Ba wanda zai ga laifinta. Autanta ne, ta same shi bayan ta cire rai da haihuwa. Amma tun daga ranar Malama ta zama baƙuwa a ɗakin mijinta. Inna ce ke ba da magani, Inna ce ke gyara filo, ƙofa kuma ba a rufe ta ko da yaushe, don kada ya yi tari uwarsa ba ta ji ba. Masu dubiya kuwa kamar kasuwa. Su zauna su zuba masa ido, su yi tagumi, su ba da labarin wani da ya yi irin wannan ciwon bai kai shekara ba. Wata goma sha ɗaya Malama ba ta zauna da mijinta su biyu ba. Ko goshinsa za ta taɓa sai ta waiga.

Maganar dutse daga bakin likita ta samo asali, ba da saninsa ba. Wata rana da suka je asibiti ya ce zaman ɗaki ba zai yi ba, a riƙa fita da shi yana shan iska. Shi dai zagayen unguwa yake nufi, abin da kowa ke nufi da shan iska ke nan. Amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Malama ta riƙe kalmar kamar an rubuta mata ita a takardar magani. Wace iska ce a garinsu ban da hayaƙin motoci da na janareta? Sai ga shugabar makarantarsu da labarin surukinta mai asma, wanda ya yi wata guda a wani tsohon otal a garin kan dutse, ya dawo yana hawa keke. Kowa a ɗakin malamai ya gyaɗa kai. Iskar dutse magani ce, wannan ai sanin kowa ne.

Ba ta koma ta tambayi likita ba. Me za ta tambaya, tunda shi ya faɗa?

Da ta gaya wa Auta, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce duk inda ta sa ƙafa nan zai sa tasa. Da Yaya aka yi rigimar, babban wansa. Shi ma ba wani abu ya sani game da iska ba. Cewa ya yi ba a raba marar lafiya da uwarsa, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau dutsen nan nata ba zai hango ba. Ranar tafiya Malama ta durƙusa ta yi wa Inna sallama, tsohuwar ta amsa ciki-ciki, idonta na kan ɗanta.

Ɗakin da suka sha wuyar hawa babba ne, mai dogon rufi. Gadon ƙarfe, kabad mai madubin da ya yi tabo-tabo, da famfon da sai ya yi tari sau uku kafin ya kawo ruwa. Auta ya ce ga ɗan'uwansa a ciwo, ya kamata a gaisa. Amma da Malama ta ja labule sai suka tsaya kallo. Kwari ne shimfiɗe kore shar, gidaje 'yan mitsi-mitsi a gindinsa, gajimare kuma na yawo a ƙasa da tagarsu.

"Malamata," in ji shi, "rufe ƙofa."

Ta rufe.

"Sa makulli."

Ta murza, ƙarfen ya yi ƙara. Da ta juyo ta same shi yana murmushi, idonsa taf da ƙwalla. Ta zo ta zauna a gefensa, ta ɗora kanta a kafaɗarsa a hankali kamar mai ajiye ƙwai, kuma ba ta waiga ba.

Kwana biyun farko, in aka tambayi Malama, za ta ce ba ta taɓa jin daɗin aure kamar su ba, har da na amarci. Da safe matar kicin ta hawo musu da shayi da burodi, su ja tebur bakin taga su sha. Auta, da yake mai hali ba ya fasa halinsa, ya sa farce ya kankare gefen ƙofar kabad yana ƙirga fentin da aka taɓa shafa mata. Ya samu kala biyar, ya ce mai koren ne kaɗai ya san aikinsa, sauran huɗun da tsintsiya suka shafa. Ta yi dariya har cikinta ya ƙulle. Ya sa ta zauna a gabansa ya tsefe mata kai, aikin minti goma ya ɗauke shi awa guda, ita kuwa ba ta so ya gama ba. Ya kira ta da sunayen da ya daina kiranta tun da suka koma babban gida, hasken idona, 'yar allona, har da waɗanda ba a faɗa a gaban mutane.

Inna na bugo waya sau huɗu a wuni. Kafin ya amsa sai ya zauna ya tara numfashi, ya ce mata garau yake, har ya yi ƙiba. In ya ajiye wayar ya kan yi minti biyar bai iya magana ba.

Suna da wani ɗan abin gwaji da ake maƙala wa yatsa, yana nuna yawan iskar da ke shiga jini. A gida casa'in yake nunawa, wata rana da ɗaya. Ranar da suka iso ya nuna tamanin da biyar, Malama ta ce gajiya ce. Washegari ya nuna tamanin da biyu, Auta ya ce batir ne, kayan zamani ba su son sanyi. Rana ta uku aka nemi abin aka rasa. Ta zazzage jaka, ta leƙa ƙarƙashin gado, shi kuwa yana kwance yana cewa ta bar shi, wataƙila shi ma hutu ya tafi.

A ranar ya fara ciwon kai, barci na fizgarsa da tsakar rana, leɓɓansa suka yi duhu. Malama ta gani, ta yi abin da ta yi imani shi ne daidai. Ta buɗe tagogi duka. Ta ja kujera zuwa baranda, ta naɗe shi da barguna biyu, ta tsaya a bayansa tana shafa masa baya.

"Ja da ƙarfi, ka cika ƙirjinka. Don ita muka zo."

Ya ja, ya sake ja, yana kallon duwatsu. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma ba abin da ya fi ban tausayi kamar mace mai ƙauna da ta tabbata ta samo magani.

Da safiyar rana ta huɗu ya faɗi tsakanin banɗaki da gado. Ba wata ƙara ya yi ba, gwiwoyinsa ne kawai suka ninke. Ta ja shi ta jingine da ƙafar gadon, ta sauka matakalar nan a guje ba takalmi. Baba ya nuna mata ƙaramin asibitin garin a ƙarshen layi, ta dawo da wata nas mai ƙiba da ke rungume da 'yar tukunyar iskar asibiti, tana hawa tana haki.

Nas ta ɗaura masa abin shaƙar iska a hanci, ta maƙala nata abin gwajin a yatsarsa, ya nuna saba'in da huɗu. Ta karɓi takardunsa na asibiti ta karanta a tsaye. Sannan ta ja Malama zuwa bakin ƙofa ta tambaye ta wa ya ce ta kawo mai irin wannan ciwon nan.

Malama ta ce don iskar. An ce mai tsafta ce, har wani mai asma ya warke a nan.

"Tsafta kam tana da ita, 'yar'uwa," in ji nas. "Ƙarfi ne ba ta da shi. Duk sanda aka yi sama iska raguwa take yi. Ba ki ga ni mai lafiya ina haki ba? Mai asma daban, wannan daban. Huhunsa a ƙasa ma da ƙyar yake ɗiban abin da zai ishe shi. Kowace awa da ya yi a nan, zuciyarsa ce ke ɗaukar nauyin."

Ta ce tukunyar nan ita kaɗai gare su, ba za ta wuce awa shida ba, a sauka da shi yau. Baba ya tafi neman mota, ya dawo ya ce sai ƙarfe biyu direba zai iso. Nas ta ce za ta dawo ta raka su, ta fita ta ja musu ƙofa.

Malama ta tsaya a tsakiyar ɗakin. Abin da ya faɗo mata a rai shi ne allon ajinta. Ita da hannunta ta taɓa zana dutse da alli, ta sa ɗan mutum a samansa, ta gaya wa yara arba'in cewa iska na raguwa in aka yi sama, suka maimaita a bayanta. Har a jarrabawa ta tambaye su. Ta san abin sarai, amma ko sau ɗaya bai haɗu da mijinta a cikin kanta ba.

Ta rufe tagogin ɗaya bayan ɗaya, ta zo ta durƙusa a gaban gado.

"Na kashe ka," ta ce. "Ni na ɗauko ka, ni na hau da kai, ni na tsaya a bayanka ina cewa ja... Garin neman gira na rasa ido. Ka yafe mini, ko da yake ni ba zan yafe wa kaina ba."

Auta ya sa hannu ya zame abin da ke hancinsa.

"Na sani."

"Mayar da shi. Me ka sani?"

"Satin da za mu taho... Yaya ya kai ni asibiti kina makaranta. Na bar shi a waje. Na tambayi likita zancen dutse." Ya huta. "Ya ce ko da wasa. Ya ce in na hau... wataƙila ba da ƙafata zan sauko ba."

Ta daɗe ba ta gane ba. Da ta gane kuwa, ba kuka ne ya zo mata ba, fushi ne, irin wanda ba ta taɓa yi da shi ba a shekara bakwai na aure. Ta miƙe ta je bakin taga ta dawo. Ta ce yana kallonta tana goge masa kaya tana waƙa, yana kallonta tana faɗa da Yaya a kansa, yana kallonta jiya tana tura shi baranda, duk bai buɗe baki ba. Ta tambaye shi ina abin gwajin. Ya nuna takalminsa da ido.

"Kina waƙa," in ji shi. "Shi ya sa. Rabon da in ji kina waƙa... tun kafin ciwon."

Ya ce ya tambayi likitan in ya zauna a gida nawa ya rage. Likita ya ce Allah ne masani. Ya ce ya san wannan, amma a nasa ganin fa? Sai likitan ya ce watanni.

"Watanni a ɗakin can na gida, Malama. Ana kallona kamar an riga an yi mini wanka... ke kina bakin ƙofa kamar 'yar dubiya. Ina son Inna, Allah ya sani. Amma na so in ƙara zama mijinki, ko na kwana huɗu ne."

"Watannin nan ba naka ba ne kai kaɗai," ta ce. "Nawa ne ni ma. Na Inna ne. Ka kwashe su ba ka tambayi kowa ba."

Auta ya ce gaskiyarta ne, ta yafe masa. Ta mayar masa da abin a hanci da ƙarfi fiye da yadda ya kamata, sannan ta kifa fuskarta a cinyarsa ta yi kukan da ta yi wata goma sha ɗaya tana haɗiyewa. Yana shafa kanta, a kan gashin da ya tsefe mata.

Can ya sake zame abin.

"Abu ɗaya nake roƙo. Kada Inna ta san na sani. In ta ji cewa na san zan iya mutuwa nesa da ita, kuma na taho... ba za ta ƙara tashi ba."

Malama ta ɗago ta kalle shi. "To sai ta ce ni ce."

Ya rufe ido. Ya san haka ne, wataƙila ma tun a gida ya sani, ya ƙi kallon wajen. Ita kuwa ba ta yi masa alkawari ba. Ta gyara masa bargo ta tashi ta haɗa kaya.

Direba da mijin matar kicin ne suka sauko da shi a kan kujerar robar nan, nas na biye da tukunya. Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hannu, ya ce 'yata, da ya sani da ya ce ɗakunan sama duk da mutane. Malama ta ce ba komai, Baba, kowa da nasa da-na-sanin.

Hanyar a murɗe take, kwana bayan kwana. Kan Auta na kan cinyarta, ita kuma idonta na kan leɓɓansa. Da suka fara sauka duhun ya ɗan ragu, har ya buɗe ido ya ce fentin motar nan ma da tsintsiya aka shafa shi. Malama ta ce a ranta shi ke nan, an gudu an tsira. Ashe wannan ce maganar ƙarshe da za ta ji daga bakinsa. Kafin su isa babban asibitin da ke gindin dutsen ya daina amsawa.

Likitocin can suka sa masa na'ura suka ce zuciyar ta gaji. Washegari Yaya ya iso da Inna. Ya keɓe da babban likita ya yi masa tambayoyi, likitan ya gaya masa gaskiya: ciwon ba dutse ne ya kawo shi ba, amma dutsen ya cinye ɗan abin da ya rage. Yaya ya fito ya sami Malama a kan benci, ya tsaya a kanta ya ce, "Wai ke ce mai ilimin cikinmu." Bai ƙara ba, ya wuce.

Maganar na bakinta. Jimla ɗaya ce, da ta faɗa da ta wanke kanta. Ta kalli ƙofar ɗakin da Inna ke zaune riƙe da hannun ɗanta, ta ce a ranta ba yau ba.

Rana ta uku a asibitin, da hantsi, Auta ya cika. Inna na wajen kansa, Malama na wajen ƙafafunsa, tana riƙe da babban yatsansa ta cikin bargo inda ba wanda zai gani.

Aka koma gida aka yi abin da ake yi. Malama ta shiga takaba a ɗakin nan da ke manne da na Inna. Masu gaisuwa su shigo su yi mata ta'aziyya da baki, su fita tsakar gida su ƙarasa zancen, kuma ba su damu da rage murya ba. Wannan duk ta iya ɗauka. Abin da ya tsaya mata a rai Inna ce. Kwana goma tsohuwar ba ta sa komai a cikinta ba sai ruwa, ba ta kuka, ba ta barci, tana zaune tana kallon bango. Ta rame har zoben hannunta ya faɗi.

Rana ta goma sha ɗaya da la'asar ta aika a kira Malama. Ta sallami jikokin da ke ɗakin, ta ce a ja ƙofa. Malama ta durƙusa a gefen tabarma.

Inna ta ce akwai abin da ya hana ta sakat. Kwana biyu kafin tafiyar, Auta ya kama hannunta ya ce ta yafe masa duk abin da ya taɓa yi mata. Ta ɗauka irin ta marasa lafiya ce, ta yi masa faɗa. Yanzu kuma abin ya dawo yana cin ta. Mutum ba ya neman gafara irin wannan don tafiyar sati biyu.

"Ke kika zauna da shi a ƙarshe. Gaya mini tsakaninki da Allah. Ya san abin da dutsen nan zai yi masa? Ya sani, ya zaɓi ya tafi ya bar ni?"

Malama ta ɗago. Ta zaci za ta ga tuhuma a idon tsohuwar, da ta gani da abin ya zo mata da sauƙi. Roƙo ta gani. Uwa ce da ta haifi ɗa bayan ta cire rai, ta yi wata goma sha ɗaya tana gadinsa, tana roƙon a ce mata ba gudunta ya yi ba.

Har yanzu Malama na fushi da shi. Ta tuna watannin da ya kwashe, ta tuna sauran watanni huɗu da za ta yi a gidan nan, da sunan da zai bi ta har makaranta. Ta nemi gafarar Allah a zuciyarta.

"Bai sani ba, Inna. Ni ce na nace. Shi bai so ya bar ki ba, kullum zancensa yaushe za mu koma wajen Inna."

Tsohuwar ta saki wani dogon numfashi, kafaɗunta suka sauka. Sai kuka ya zo mata, na farko tun rasuwar, tana cewa ta sani, ta san Autanta ba zai yi mata haka ba. Malama ta miƙa hannu za ta riƙe ta. Inna ta janye jikinta, ta share fuska da gefen zane, ta juya ta fuskanci bango.

"Tashi ki ba ni wuri."

Malama ta tashi ta fita. Ba ta kai ɗakinta ba ta ji Inna na kiran babbar jikarta, tana cewa a kawo mata ɗan abin da ya rage a tukunya.

Washegari da safe Malama ta durƙusa a bakin ƙofar ta gaishe ta kamar kullum. Ta ji ƙarar cokali a kwano, ta jira, ta sake gaisarwa. Daga ranar Inna ba ta ƙara amsa mata ba.